Digirin digirgir a fannin koyar da lissafi: a zauna gida ko a fita waje?

Malamin da ke koyar da lissafi a kwalejin ilimi ko a jami'a a Sakkwato ba ya daɗewa da kammala digiri na biyu sai maganar digiri na uku, wato digirin digirgir, ta taso masa, ko daga bakin shugaban sashe ko daga sharuɗɗan ƙarin girma, domin a tsarin jami'o'in Nijeriya wanda bai riƙe wannan digiri ba a ƙananan matakan koyarwa yake tsayawa komai daɗewarsa a aji. Wuraren da ke neman masu shi kuma sun ƙaru. Bayan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, akwai Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari wadda tushenta ya koma 1970, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gidan Madi wadda aka amince da kafa ta a 2020. Dokar da aka sanya wa hannu a 2023, wadda ta bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digirin farko da kansu, ta ƙara matsa wa malaman kwalejoji lamba su nemi digirin da a da ake ganin na mutanen jami'a ne.

Kafin a kai ga tambayar inda za a yi karatun, akwai wadda ta riga ta, kuma mutane da yawa kan tsallake ta. Digirin digirgir a lissafi zalla daban yake da digirin digirgir a koyar da lissafi, ko da yake duka biyun ana kiran mai su dakta. Na farko a sashen lissafi na tsangayar kimiyya ake yin sa, kuma abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya zo da sabon sakamako a aljabara ko wani reshe na lissafi, ya kafa masa hujjar da ba ta da giɓi. Wannan ita ce hanyar da masanan lissafin Nijeriya Chike Obi da Iya Abubakar suka bi. Na biyu a tsangayar ilimi yake, kuma abin bincikensa shi ne yadda mutum ke koyon lissafi da yadda ake koyar da shi. Ita ce hanyar da Grace Alele-Williams ta bi a Jami'ar Chicago, inda ta samu digirinta a 1963, kafin ta zama shugabar Jami'ar Benin a 1985.

Misali ɗaya ya isa ya nuna inda hanyoyin suka rabu. A ba yaron aji uku na firamare 52 a ce ya ɗebe 38, sai ya rubuta 26. Ga masanin lissafi zalla babu abin bincike a nan, amsa ce ba daidai ba. Mai nazarin koyar da lissafi kuwa zai lura cewa yaron ba cankar amsa ya yi ba, wata ƙa'ida ya bi: ya ɗebe 2 daga 8 ya samu 6, ya ɗebe 3 daga 5 ya samu 2, saboda an sha gaya masa cewa ƙaramin adadi ake ɗebewa daga babba. Tambayarsa ita ce daga ina wannan ƙa'ida ta shigo kan yaron, me ya sa yaron da ke bayar da canjin naira 500 a Babbar Kasuwa ba tare da kuskure ba yake faɗawa wannan rami a kan allo, kuma wane irin horo ne zai sa ɗalibin NCE, wato mai karatun shaidar malanta a kwalejin ilimi, ya gane matsalar da kallo ɗaya maimakon ya ja jan biro ya wuce. Haka nan a tambayi ɗalibin da ke shirin fita koyarwar gwaji me ya sa uku raba da rabi yake bayar da shida, alhali rabawa rage abu take yi a tunanin yara. Da yawa za su maimaita dokar juya adadi a ninka, kaɗan ne za su ce mudu uku na gero idan kowa zai samu rabin mudu mutum shida zai ishe su. Irin wannan sani na malami shi ne abin da masanin ilimi na Amurka Lee Shulman ya jawo hankali a kansa a 1986, Deborah Ball da abokan aikinta a Jami'ar Michigan suka faɗaɗa shi a kan lissafi musamman.

Hanyoyin biyu ba su cika haɗuwa ba. Wanda ya yi digiri na biyu a tsangayar ilimi da wuya sashen lissafi ya ɗauke shi kai tsaye, wanda kuma ya karanta lissafi zalla yakan buƙaci babbar difloma a fannin ilimi da digiri na biyu a koyarwa kafin ya shiga ɗaya ɓangaren. Akwai masu karkata zuwa tsangayar ilimi da zaton can ne ake samun sauƙi. Wannan zato shi ne mafarin raunannun kundaye da yawa, domin mai bincike a kan koyarwa sai ya san lissafin sosai, sannan ya ƙara da ilimin ƙididdiga, da nazarin halayyar koyo, da haƙurin zama a bayan aji yana kallo. Duk wanda aikinsa na gaba shi ne horar da malamai ko tsara manhaja, fannin koyarwa ne nasa. Wanda zuciyarsa ke ga kafa hujja, kada ya yaudari kansa.

Idan an yanke wannan, sai a zo ga babbar tambayar. A gida, tsarin sananne ne a yawancin jami'o'in tarayya, ko a Sakkwato ko a Zariya ko a Kano. Mafi ƙarancin lokaci ga ɗalibin cikakken lokaci shekara uku ne, ana neman maki mai kyau a digiri na biyu, akwai wasu kwasa-kwasai a farko, sai gabatar da ƙudurin bincike a gaban malaman sashe, sai fita tattara bayanai, sai kare kundi a cikin gida, daga ƙarshe a gaban mai jarrabawa na waje. Kuɗin makaranta, ko da ya ƙaru, bai kai ko kusa da na waje ba, albashi yana shigowa, iyali suna kusa. Ga matar aure mai yara, ko magidancin da iyayensa suka manyanta, wannan kaɗai kan yanke hukunci.

Amma babbar ribar gida a ganina ba sauƙin kuɗi ba ce. Ɗakin gwajin mai nazarin koyar da lissafi shi ne aji, kuma ajin da malamin Sakkwato zai ƙare rayuwarsa yana yi wa hidima yana nan a Wamakko da Bodinga da Gwadabawa. Tambayoyin da ke kwance a waɗannan azuzuwa manya ne. Ta farko ita ce ta harshe. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar yankin ke magana da shi, a 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sannan a ƙarshen 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da janye shi. Duk wannan kai-komo ana yin sa ne a sama, alhali a aji malami yana karanta tambaya da Turanci, ya yi bayani da Hausa, ya koma Turanci ya rubuta amsa. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, har yau shi ake kafa hujja da shi, kuma ƙasar Hausa na buƙatar irin wannan dogon bincike a kan lissafi. Wanda zai yi shi sai mai jin abin da yaro ya raɗa wa na kusa da shi yayin da malami ya juya baya.

Ta biyu ita ce lissafin da jama'a ke yi a wajen makaranta. Ɗalibin makarantar zaure da ya karanta babin gado yana sarrafa rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, yana nemo asalin mas'ala, wanda shi ne abin da ake koyarwa a boko idan za a haɗa kason da ƙasansu ya bambanta. Ɗan kasuwar Illela da ke ciniki da mutanen Ƙonni yana lissafi da dala, kowace dala sefa biyar, ya juya ta zuwa naira a ka kafin mai kwamfuta ya buɗe wayarsa. Tarihin ma yana nan, domin Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jadawalin adadi wanda kowane layinsa ke bayar da jimilla ɗaya. Tun da Ubiratan D'Ambrosio na Barazil ya gabatar da nazarin lissafin al'ummomi a taron duniya kan koyar da lissafi na 1984, wannan ya zama reshe mai zaman kansa, Paulus Gerdes kuma ya yi shekaru yana aiki a kansa a Mozambik. Ɗalibin da ke Sakkwato yana zaune ne a kan irin kayan da wasu ke neman tallafi su ƙetaro teku domin su gani.

Raunin gida shi ma a fili yake, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kundaye da yawa a wannan fanni a jami'o'inmu kamar tubalin da aka buga da ma'auni ɗaya suke. A ɗauki wata dabarar koyarwa, a zaɓi azuzuwa biyu na babbar sakandare, a yi musu jarrabawa, a koyar da ɗaya da sabuwar dabara na 'yan makonni, a sake jarrabawa, a shigar da maki cikin kwamfuta, a bayar da sanarwar cewa sabuwar dabara ta fi, sannan a duba ko akwai bambanci tsakanin maza da mata. Tsarin kansa ba laifi ba ne, yana da wurinsa. Matsalar ita ce kusan kullum sabuwar dabara ce ke cin nasara, sau da yawa mai binciken ne da kansa ya koyar da ajin da ya fi so ya yi nasara, kuma bayan an gama babu wanda ya san abin da ya faru a cikin kan yaran. Wanda ya fito ta wannan hanya kaɗai zai koma ya ɗora ɗalibansa a kanta.

Sai kuma nauyin aiki. Malamin da ke karatu a garin da yake aiki, ko an ba shi hutun ƙaro ilimi a takarda, da wuya a bar shi ya huta daga gyaran jarrabawa da zagayen duba ɗaliban koyarwar gwaji, ga biki ga ta'aziyya. Malamin da ke duba aikinsa shi ma yana iya kasancewa da ɗalibai fiye da ƙima, babi ɗaya ya yi watanni a kan teburinsa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda yake tsakiyar bincike a lokacin ya san yadda shekara uku ke komawa biyar ko shida. Manyan mujallun fannin na duniya, irin wadda Hans Freudenthal ya kafa a 1968 da wadda ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka ta fara fitarwa a 1970, samun su a karanta yana buƙatar ƙoƙari na musamman. Abin da ke kusa shi ne tarurrukan Ƙungiyar Lissafi ta Nijeriya da mujallarta Abacus, da na ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, da bitocin Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja.

Waje kuma ba abu ɗaya ba ne. A Amurka, inda aka fara bayar da wannan digiri tun farkon ƙarni na 20 a Jami'ar Columbia, ɗalibi yakan yi kimanin shekara biyu yana kwasa-kwasai a hanyoyin bincike da nazariyyoyin koyo, a wurare da yawa har da lissafi mai zurfi, ya ci jarrabawar cancanta, sannan ya fara kundi. Duka yakan ɗauki shekara huɗu zuwa shida. Ga mai son zama mai horar da malamai babu tsarin da ya kai wannan cika, domin ana ba ɗalibi aikin taimaka wa farfesa a koyarwa ko bincike, a yafe masa kuɗin makaranta, a ba shi alawus, ya koyi aikin da hannunsa. Sai dai gurbin kaɗan ne, dokokin biza ga 'yan Nijeriya sun tsananta tun 2025, kuma binciken da ke biyan alawus ɗin yawanci a kan makarantun Amurka yake. Mutum yana iya dawowa gwani a kan ajin yara ashirin da allon lantarki, ya tarar da ajin da yara ke zaune a ƙasa sun haura ɗari. A Amurka ne kuma ake yawan samun digirin da ake kira EdD, wanda ya fi karkata ga shugabancin makarantu, don haka mai niyyar bincike ya tabbatar da irin wanda ya nema.

A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kwas kaɗan, kundi ne komai. Ana son mai nema ya zo da ƙudurin bincike da ya nuna, kuma wannan na bai wa ɗan Sakkwato damar ya ce tambayarsa a kan azuzuwan gida take, ya dawo ya tattara bayanai. Kuɗin makarantar baƙi yana da tsada ƙwarai, ba a shiga sai da tallafi irin na Commonwealth. Dokar da ta hana ɗalibai tafiya da iyali tun Janairun 2024 ba ta shafi masu digirin bincike ba. Wanda tushensa a hanyoyin bincike bai yi ƙarfi ba zai sha wuya a can, saboda an ɗauka ya riga ya iya.

Afirka ta Kudu ce ba a cika ambata a hirar malamanmu ba, alhali ita ce ta fi kusa da matsalarmu. Yaransu ma da wani harshe suke tunani, da Turanci ake jarraba su. Jill Adler ta Jami'ar Witwatersrand ta yi suna a duniya a kan koyar da lissafi a azuzuwa masu harsuna da yawa, har ta shugabanci hukumar koyar da lissafi ta duniya, wadda aka kafa a 1908, daga 2017 zuwa 2020. Ɗalibarta Mamokgethi Phakeng, wadda ta samu digirinta a 2002 a kan wannan batu, ta zama shugabar Jami'ar Cape Town a 2018. Wanda tambayarsa ta shafi Hausa da Turanci a ajin lissafi zai samu masu fahimtarsa a can tun daga jimlar farko, kuɗin kuma bai kai na Turai ba. Abin dubawa shi ne hare-haren ƙyamar baƙi da suka auku a 2008 da 2015 da 2019.

Malesiya ita ce malaman Arewa da yawa suka fi sani, saboda sauƙin rayuwa ga Musulmi da iyalinsa da rangwamen kuɗi. Jami'o'inta na bincike kan sharɗanta wa ɗalibi ya buga maƙala a mujallar da aka amince da ita kafin ya kammala, abin da ke koya wa mutum rubutu, ko da yake yana iya tura shi ga gaggawar bugawa.

Duk wannan lissafi kuɗi ne ya sauya shi. Shekaru da dama asusun TETFund ne ke ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati zuwa waje. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ɗalibai da yawa suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a ƙasashen mutane, asusun kuma ya dakatar da sabon tallafin karatu a waje daga Janairun 2025, yana mai nuni da tsada da kuma waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Tallafinsa na karatu a cikin gida yana nan. Ma'anar wannan ita ce fita waje yanzu sai ga wanda ya ci gasar tallafi da kansa ko wata jami'a ta ɗauke shi aiki. Sayar da gona ko gida domin a biya shekarar farko da fatan Allah zai kawo ta biyu ganganci ne, ba tawakkali ba.

Akwai hanya ta tsakiya da ta cancanci a neme ta da gaske. Hukumar tallafin Commonwealth tana da tsarin da ɗalibin da ya yi rajista a jami'ar ƙasarsa zai je wata jami'ar Birtaniya ya yi wata goma sha biyu ƙarƙashin malami na biyu, ya dawo ya kare kundinsa a gida. Shirin Fulbright na Amurka ma yana da makamancin haka ga masu digiri na uku. Da wannan mutum yana riƙe da azuzuwansa da albashinsa, ya kuma samu shekara guda ta ɗakin karatu cikakke da idon wani masani daga waje. Ko ba a samu wannan ba, yin rajista a wata jami'a da ba garin da mutum yake aiki ba yana rage masa kiranye-kiranye, yana kuma hana a ce duka digirinsa uku daga hannun malamai ɗaya suka fito.

Idan aka auna duka, ga malamin Sakkwato da zai koma horar da malaman firamare da sakandare, na fi karkata ga rajista a gida tare da neman shekarar waje, sai fa idan cikakken tallafi ya samu, a nan Afirka ta Kudu ko Ingila da bincike a kan azuzuwan gida sun fi dacewa da shi. Matashin da bai yi nauyi ba, wanda burinsa ya zama mai bincike da za a ji muryarsa a tarurrukan duniya, Amurka ta fi ba shi horo idan ƙofa ta buɗe.

A kowane hali, sunan malamin da zai duba aikin ya fi sunan jami'ar tasiri a kan abin da zai fito. Kafin a cika fom, a nemi maƙalu biyu ko uku da ya rubuta a shekarun baya-bayan nan a karanta, a ga ko a koyar da lissafi suke ko kuwa a wani fannin ilimi aka jingina shi da lissafi don rashin mutum. A je ɗakin karatu a buɗe kundayen ɗaliban da ya yaye, a duba ko tambayoyinsu sun bambanta ko take ɗaya ne ake sauya wa sunan ƙaramar hukuma. A tambayi ɗaya daga cikinsu, cikin sirri da ladabi, tsawon lokacin da babi ke ɗauka kafin ya dawo da gyara, da kuma ko malam yana yarda ɗalibi ya ɗauki darasi a bidiyo ya zauna da yara yana tambayarsu yadda suka samo amsa. Sannan a duba shekarun da suka rage masa kafin ritaya, domin farfesa a jami'ar Nijeriya yana ajiye aiki ne a shekara 70, kuma ɗalibin da aka sauya wa mai dubawa a shekara ta uku yakan koma kusan farko.